Kwalbar da na binne a bayan ɗakin Kulu

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne wawan. Akwai likitoci a ciki, akwai mai ciwo, akwai 'yar da ta sha ɗawainiya, kowa ya yi nasa gwargwadon hali. Saura gurbin wawa, kuma da aka duba gidan kaf ba a sami wanda rigar ta zauna wa ba sai ni, Malam Bello mai yadi na Gawon Nama, wanda ya yi aji huɗu a firamare ya fito don ya ga malaman sun fara maimaita abin da ya sani. Haka nake gaya wa jikoki. Gaskiyar magana, tsohona ne ya ciro ni ya kai ni kasuwa riƙon gefen yadi. Amma ɗan karatun nan ya ishe ni in zama ɗan bokon gidanmu, mai karanta kwalin magani da ƙarfi, mai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba.

Na zauna rubuta wannan ne don wani mai irin kaina, wanda wata rana za a miƙa wa kwalba a ƙofar ɗakin tiyata.

Matata Hajiya Kulu ce mai ciwon. Wani ɗan ƙullutu ne ya fito mata a ƙasan kunnen dama, kamar ƙwayar gujiya. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, in ka taɓa ya ɗan gusa ya dawo. Ya yi shekaru a nan, har ya zama ɗan gida. Ina tsokanarta in ce ta sami wurin ɓoye goro inda ba zan kai hannu ba. Yayarta, Yaya Ige, duk zuwan da za ta yi daga ƙauye da sabon sunan ciwon take zuwa. Farko ta ce hangum ne, aka shafa toka da man shanu. Da ta dawo ta ce kaluluwa ce, aka jiƙa saiwa. Daga baya ta sa aka kira wanzami ya kafa ƙaho, ya zuƙi jinin baiwar Allah, ya karɓi ladansa ya tafi, ƙullutu na nan yana kallonmu. Ni kuma na duba da idon ilimi na ce kitse ne, alamar ana ci ana ƙoshi a gidana.

'Yarmu Saratu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, ita ta kashe wasan. Ta zo yi wa uwarta kitso, ta karkatar mata da kai, sai ta dakata da kitson. Ta ce, "Baba, zo ka gani. Wanga abu ya kai ƙwan zabo. Yaushe rabonka da ka dube shi?"

Na ce kullum ina ganinsa.

Ta ce, "Gani kaka yi, ba dubawa ba. Gobe asibiti za mu."

Wanda bai taɓa jinya a babban asibiti ba, ya gode wa Allah ya ƙara. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin biya daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce ba nan ba ne, can ne. Mun koyi bencin nan har na san wanda ke da ƙusa. Zafin Sakkwato yana dukan kwano, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. Mako ya bi mako, aka ɗauki hoton wuya, aka ɗibi jini, sannan aka soka wata siririyar allura a cikin ƙullutun aka zuƙo ɗan abu. Awakin Kulu suka fara bin hanyar kara, kasuwar dabbobi, ɗaya bayan ɗaya. Na daina ƙirga su, domin ita tana ƙirgawa.

Da sakamakon allura ya fito, likitan tiyata, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce abin daga jakar da ke yin miyau ya tsiro. Ya ce, "Da alama ba mugu ba ne. Amma allura kaɗan take ɗebowa. Sai mun cire shi duka an duba shi a madubin ƙara girma, sannan za mu tabbatar."

Maganar nan gaɓa biyu ce. Na ɗauki ta farko na sa a aljihu, na bar masa ta biyu a kan teburinsa.

Ya kuma gargaɗe mu cewa akwai wata jijiya da ta ratsa ta tsakiyar jakar, ta rarrabu kamar zare, ita ke motsa baki da fatar ido. In aka taɓa ta, fuska na iya karkacewa. Kulu ta ce Allah ya sa a dace. Aka sa rana, aka ɗaga, aka sake sawa.

Ranar aikin, Saratu ta tafi sayo ruwan da ake ƙarawa, ni kaɗai ne a ƙofa sai ga wata nas ta fito da 'yar kwalba mai murfi da takarda. Ta ce, "Baba, an gama lafiya. Ga abin da aka cire. Ku kai ɗakin gwaji, can bayan ginin nan, a biya a bar musu." Ta juya ta koma, ko numfashi ba ta tsaya yi ba.

Ina so a rubuta mini wannan a cikin ayyukana na kirki: na je. Na sami tagar biya a rufe, an tafi salla, mutane sun yi dafifi suna jira. Na sami gefen dakali na zauna, na ɗaga kwalbar na duba. Wata tsoka ce tana lilo a cikin ruwa. Wannan fa Kulu ce. Matar da ko gashin kanta wani namiji bai taɓa gani ba, yau ga wani yanki nata a hannuna, za a miƙa ta taga, wasu su yayyanka, in sun gama su watsa a kwandon shara tare da auduga. Mu kuwa tun muna yara mun san abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi. Haƙori, farce, cibiyar jariri. Na tuna ranar da injin niƙa ya cire wa kawuna yatsa, aka naɗe shi a farin ƙyalle aka haƙa rami aka rufe, da bisimilla. Sannan ilimina ya taso ya ƙara da cewa ai an riga an yi gwaji da allura, an ce ba mugu ba ne. Gwaji na biyu na mene ne, in ba neman a ƙarasa awakin da suka rage ba?

Ban tambayi kowa ba. Mai aji huɗu ba ya tambaya.

Na zura kwalbar a aljihun riga, na hau babur ɗin kabu-kabu na nufi gida. Rana tsaka, gidan ba kowa. Na je bayan ɗakin Kulu, inda aka binne cibiyoyin 'ya'yanmu. Niyyata in zubar da ruwan in naɗe tsokar ita kaɗai. Ina murɗa murfin, wani wari ya doki hancina, idanuna suka kama hawaye kamar an watsa mini barkono. Na yi maza na mayar na ɗaure tam. Na yanko farin yadi mai kyau, ba ragowa ba, na naɗe kwalbar, na sa a leda, na haƙa rami mai zurfi don kada kaji su tona. Na rufe, na yi addu'a, na wanke hannu. Wallahi a ranar ji na yi babu mijin da ya kai ni sanin darajar iyali a duk Gawon Nama.

Da na koma, Saratu ta ce, "Baba, an kai?"

Na ce, "An kai shi inda yad dace."

Ku lura, ban yi ƙarya ba. Ina da wannan gwaninta.

Makonnin farko sun yi nauyi. Robar da ke zuƙe ruwa a wuya, kunu da cokali, bakin ya ɗan ja gefe guda amma a hankali ya dawo. Yaya Ige ta zo da tulin 'yan dubiya, kowa da maganin da ya kamata a ce an yi tun farko. Da muka koma a cire zare, wani matashin likita ya tambayi sakamakon gwaji. Na ce bai fito ba. Nan ma ban yi ƙarya ba. Ya ce irin wannan yakan ɗauki lokaci, mu riƙa leƙawa. Saratu ta koma makarantarta ta bar mini leƙawar. Miki ya warke sumul, Kulu ta koma dakanta da tuwonta, muka daina zuwa.

Da damina ta kawo kai, Saratu ta ce tsakar gidan na yin caɓi, kada Inna ta zame. Ta kawo Mamman birkila ya daɓe ko'ina da siminti, har bayan ɗaki. Ni na tsaya a kansa. Da ya iso wurin, na ce ya ƙara kauri a nan.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya dawo. Wata safiya Kulu tana alwala, ta shafa bayan kunne, ta tsaya. Ta kamo hannuna ta ɗora a kan tabon. Ƙananan ƙullutai biyu, masu tauri, ba sa gusawa kamar na da. Ta ce kwana biyu tana jin wurin yana tsira mata kamar allura.

Muka koma kan bencinmu. Dattijon likita ya taɓa, ya buɗe fayil, ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya ce, "Ina sakamakon abin da muka cire? Ba zan sake sa wuƙa a wurin nan ba ban san da me nake faɗa ba."

Saratu ta ja mu zuwa ɗakin gwaji. Ma'aikacin wurin ya duba ya ce ba su taɓa karɓar komai da sunan nan ba. Ban taɓa sanin 'yata na da murya haka ba. Ta ce sun batar da naman uwarta, ta ce haka suke wasa da ran talaka, ta ce sai ta ga shugabansu. Mutumin yana rantsuwa, mutane sun taru, ni ina zaune kusa da Kulu ina nazarin takalmina. Hayaniyar ce ta fito da wata likita daga ciki, 'yar siririya mai tabarau, ita ce mai duba nama a madubi. Ta tambaya a hankali, "Wa ya kawo kwalbar? Wa ya karɓa a hannunsa?"

Saratu ta juyo. "Baba, wa kab ba?"

Na yi gyaran murya. Na fara da bayanin darajar ɗan Adam. Ban kai ko'ina ba ta katse ni.

"Baba. Ina kwalbar take?"

Na ce tana gida. Bayan ɗaki. Ƙarƙashin siminti.

Wani a cikin layi ya ce innalillahi, wani kuma ya kasa riƙe dariya. Sai ga hawaye a idon Saratu. Ta je ta ba ma'aikacin nan haƙuri har da rusunawa. Kulu kuwa ta dube ni, duba ɗaya, ta gyara hijabinta ta ce, "Mu tahi gida." Daga ranar ba ta ƙara ce mini komai a kan maganar ba. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Likitar ce ta tsayar da mu. Ta ce, "Baba, ka zubar da ruwan?" Na ce a'a, ya fi ƙarfin idona. Ta ce, "To ruwan nan hana ruɓewa yake yi. Ku tono ta."

Washegari Mamman birkila ya zo da guduma. Matsalar ita ce siminti ya shafe duk alamar da na sani. Na nuna nan, ya fasa, babu. Na nuna can, babu. Matan maƙwabta suka cika ƙofa, wata na tambaya ko tukunyar kuɗi Malam ya tuna. Mamman ya share gumi ya ce, "Malam, kai kac ce in ƙara kauri, ga shi kauri na cin ƙarhina." Sai da muka mayar da bayan ɗakin kamar gonar rogo kafin bakin shebur ya taɓa leda. Farin yadina ya zama ƙasa. Kwalbar na nan yadda na ajiye ta. Saratu ta karɓe ta da hannu biyu, ba ta ko bari na kakkaɓe ta ba.

Sai jira. A duk jinyar nan babu abin da ya gajiyar da ni kamar wannan jiran. Likitar ta ce naman ya daɗe a ruwa fiye da kima, rinin da suke sawa ba ya kama shi yadda ya kamata. Ta ce abin da take gani bai yi kama da wanda ta saba gani ba, za ta aika wani yanki wani gari a yi masa rini na musamman. Mako ya shige, wani ya bi. Ƙullutai na ƙara tauri. Kulu ta ajiye mini tuwo ta ce "ga shi," ta kwashe kwano ta ce "sannu." Iyakarmu ke nan. Na daina zama majalisa, domin labarin ya riga ni isa, har an fara kirana mai gadin maƙabarta.

Ranar da aka kira mu, likitar ta shigar da mu ofishinta. Ta nuna mana yadda suke yi: a daskarar da naman cikin kakin kyandir, a yanko shi siriri fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi, a rina. Ta ce tunda na sha wahalar haƙa, in zo in ga abin da na binne. Na kafa ido a madubin nan mai kama da tabarau a kan ƙafa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Ta murɗa wani abu, sai ga atamfa, ruwan hoda da shuɗi, zane cikin zane. Na ce wannan da a kasuwa ne da ya yi tsada. Ba wanda ya yi dariya.

Ta ce, "Saratu ta ce yadi kake sayarwa. To dubi gefe. Ƙullutun da ba shi da illa yana da kalmasa, a naɗe yake cikin jakarsa. Ka ga kalmasa a nan?"

Na duba. Gefen a zazzare yake, zaruruwa sun kutsa cikin na kusa da su.

Ta ce ciwon daji ne na jakar miyau, wani iri da ba a cika gani ba, ita kanta tun da ta fara aiki 'yan kaɗan ta taɓa cin karo da su. Ta faɗi sunansa, ya fi sunan unguwarmu tsawo, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne, "Mai tafiyar hawainiya ne. Ba ya gudu, amma ba ya tsayawa." Ta ce yana shigar burtu, a allura sai ya yi kama da marar illa, shi ya sa sai an duba shi duka. Sannan ta nuna inda wuƙa ta bi, ta ce zaren ciwon ya kai har bakin yankan, ma'ana an bar saura a jiki.

Saratu ta tambayi abin da ni na kasa tambaya. "Da an kawo tun ranar fa?"

Likitar ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Da an koma da wuri an share sauran tun yana ɗan kaɗan. Yanzu ma ana iyawa, in sha Allahu. Sai dai ya matsa kusa da jijiyar."

Aka sake aiki, wanda ya fi na farko daɗewa. Sauran awakin suka tafi, da rabin kayan rumfata. Da nas ta fito da kwalba ta biyu na miƙe don ladabi kawai, Saratu ta sha gabana kamar za a ba ni wuta. Dattijon likita ya ce sun kwashe duka, madubi ma daga baya ya nuna gefen ya fita tsaf, ba sai an kai ta a gasa wurin da na'ura ba, amma za mu yi shekaru muna kai ta ana dubawa. Ya ce wani reshe na jijiyar ya shige cikin ciwon, dole ya tafi tare da shi.

Yau Kulu na raye, alhamdu lillahi, tana cin tuwonta. Amma bakinta ya ja hagu, kuma ba zai dawo ba. In ta sha fura sai ta tare gefe da yatsa. Idon dama ba ya rufuwa duka, kullum da ɗigon magani. Matar da ake jin dariyarta daga zaure yanzu in abin dariya ya zo sai ta ja gefen mayafi ta rufe.

Ina gode wa likitocin nan biyu, da ma'aikacin da aka zaga a banza ya yafe, da Mamman da ya sake daɓe wurin bai ƙara mini magana ba. Ina kuma da ƙorafi. Don me za a miƙa wa tsoho naman matarsa a tsaye a baranda, ba a zaunar da shi an gaya masa cewa maganin gaba ɗaya a cikin kwalbar nan yake ba? Na kai wannan ƙorafi wurin limamin unguwarmu, ina neman ya ce na yi daidai ko da rabi. Ya ce binnewa abu ne mai kyau, amma bayan likita ya gama, domin ran mai rai ke gaba. Ya ce da na tako na tambaye shi da bai fi taku kaɗan ba. Don haka kai mai karatu, in aka ba ka kwalba, ka kai. In taga a rufe take, ka jira. Ka koma ka karɓi sakamako ko da miki ya warke.

A zuwanmu na baya-bayan nan na tambayi likitar madubi, cikin ladabi, ko yanzu da aka gama za a ba ni naman in yi masa abin da ya kamata. Ta ce a'a, suna ajiye shi cikin kakinsa a durowa shekara da shekaru, ko za a buƙaci sake dubawa. Abin ya tsaya mini a rai. Da la'asar muna zaune a tsakar gida, Kulu na tsince shinkafa a faifai, na ga kamar fuskarta a sake take, sai na ce bari in gwada tsohuwar tsokana ko bakinmu ya buɗe.

Na ce, "Hajiya, kin san wani yanki naki na can cikin durowa tare da na arna da na Musulmi, ba sutura ba addu'a? Ni dai an hana ni, amma da hannuna yake da ya samu gata."

Ba ta ɗago ba. Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar. Sannan ta sa yatsa ta tare gefen bakin nan, yadda take yi in tana so magana ta fita daidai.

Ta ce, "Bar shi can, Malam. Su da sunka aje shi dubawa suka yi, kai ruhewa kaɗai ka iya. Tsoka kay yi ma sutura, kab bar mai tsokar da ciwonta."